Hanya, Kasuwa da Baƙo: Yadda Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Ke Fuskantar Ƙunci

Laccar da aka gabatar a Ƙanƙara, a taron ɗalibai 'yan asalin ƙananan hukumomin uku

 

  

An nemi in yi magana a kan abubuwa uku da masu nazarin zamantakewa ke bincike a kansu: yunƙurin jama'a idan tura ta kai bango, tasirin yawon buɗe ido, da durƙushewar tattalin arziki. A jami'a kowane ɗaya da malaminsa da darasinsa. A wannan yanki namu kuwa, da ya haɗa mazaɓar tarayya ɗaya, dukansu a kan titi suke haɗuwa. Titin da hatsi da shanu ke bi su isa kasuwa, shi baƙo ke bi ya iso gare mu, kuma shi matasa ke tarewa ranar da haƙuri ya ƙare. Wanda yake son ya gane halin da muke ciki, ya tambayi su wa suke bin hanya, su wa suka daina bi, kuma wa ke da iko da ita bayan la'asar. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa ke nan.

Abin da aka riga aka rubuta a kanmu

Ƙasar Katsina tana cikin wuraren da aka fi yi wa nazarin rayuwar karkara a Afirka ta Yamma, sai dai yawancinmu ba mu karanta abin da aka rubuta ba. Polly Hill, 'yar Ingila, ta zauna a Batagarawa a shekarun 1960, ta fitar da littafinta a 1972. Ta ƙi yarda da tunanin da ake yi cewa manoman ƙauye duk ɗaya suke. Ta nuna akwai mai rumbu cike da ke ajiye hatsi sai bazara ya sayar da tsada, akwai kuma wanda talauci ya hana shi noma gonarsa, domin lokacin da ya kamata ya yi noman fari yana gonar wani yana ƙwadago.

Michael Watts ya yi nasa aikin a Kaita, ya wallafa shi a 1983. Ya bi tarihin yunwa tun daga zamanin Daular Usmaniyya har zuwa farin 1972 zuwa 1974. Abin da ya gano shi ne, fari kaɗai ba ya kawo yunwa. Sai an raunana abubuwan da ke tallafar mai rauni, irin su gandu da zakka da rancen hatsi da gayya, sannan fari ke zama mutuwa. Harajin kuɗi na Turawa da noman gyaɗa da auduga don sayarwa sun taimaka wajen wannan rauni.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Paul Clough, da ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya bi 'yan kwarami zuwa kasuwannin yankin, har da 'Yargoje da ke nan ƙasar Ƙanƙara. Ya lura cewa attajirin ƙauye ba ya tara dukiya shi kaɗai. Duk lokacin da jarinsa ya ƙaru, sai yaransa su ƙaru, masu cin bashinsa su ƙaru, hidimar biki da suna ta ƙaru. Dukiyar tana tafiya ne ta hannun mutane, kuma amana ce ke riƙe da ita. A daidai wannan lokaci, daga 1975, shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya shigo da takin zamani da irin masara da hanyoyin karkara, kudancin Katsina ya zama rumbun hatsi.

Sai kuma namu, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Musawa, wanda littafinsa na 1981 a kan tarihin Katsina ya nuna cewa ƙasar ta ginu ne da shige da fice: fatake da malamai da makiyaya da masu sana'a da suka zo daga wurare daban-daban suka zama 'yan gida. Idan aka haɗa waɗannan ayyuka huɗu, darasin ɗaya ne. Arzikinmu yana cikin zirga-zirga da amana. Su biyun ne kuma aka fi yi wa illa cikin shekarun nan.

Ƙunci a kan ƙunci

Idan ana maganar matsin tattalin arziki a Nijeriya, akan fara ƙirga ne daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. An saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Duk wannan gaskiya ne, amma mu ya same mu ne muna kwance.

Tun kafin nan satar shanu ta cinye jarin karkara. Saniya ita ce asusun manomi da makiyayi, bijimin huɗa kuma shi ne taraktansa. Da aka kore su, sai aka koma satar mutane, kuɗin fansa ya cinye gona da babur da kayan ɗakin mata. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamba 2020, a tsakani annobar korona ta tsayar da kasuwanni. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro. Ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta hana sayar da mai a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya na tsawon watanni. A farkon 2023 canjin takardun naira ya kawo ƙarancin tsabar kuɗi a kasuwannin da ba su san wani ciniki ba sai na hannu da hannu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024.

An kafa dokar 2021 ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci da wurin sayar da shanun sata, kuma manufar tana da hujja. Amma mu tsaya mu ƙirga bakin da ke ci daga karar shanu guda, irin ta Sheme. Akwai dillali mai jiran la'ada, da fatoman da ke saukar da fatake, da 'yan kamasho a tasha, da 'yan dako, da mai igiya, da mai dusa da harawa, da mahauci, da mai shayi, da yarinyar da ke tallar fura da uwarta da ta dama a cikin gida. Ranar kasuwa guda ce ke ciyar da su mako guda. Idan kara ta tsaya, mai shanu dubu zai iya kai su wata jiha. Mai tallar fura ba ta da inda za ta kai ƙwaryarta. Hukunci ɗaya aka yanke wa kowa, amma nauyinsa ya faɗa ne a kan wanda Polly Hill ta ce mu riƙa lura da shi.

Sakamakon yana bayyana a jikin yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina. Wannan a jihar da kudancinta ke loda tireloli da masara da dawa. Abin da Watts ya faɗa ke nan: ana iya samun ruwan sama, a kuma samu yunwa, idan manomi ba ya iya isa gonarsa ta nesa, ko sai ya biya harajin 'yan daji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi.

Baƙon da ya daina zuwa

Na san wasu za su yi murmushi idan aka ambaci yawon buɗe ido a Faskari ko Sabuwa. To, a ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙirƙirar sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne dajin Kogo da ke wannan yanki namu. A daidai wannan lokaci, daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a nan Ƙanƙara suka kwashe yaranmu, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A Abuja ana zana daji a takarda a matsayin wurin shaƙatawar baƙi, a nan ana kora 'ya'yanmu cikin daji da ƙafa. Maƙwabcinmu gandun Kamuku na Birnin Gwari ya zama na ƙasa tun 1999, kuma kowa ya san su wa suka mamaye shi daga baya. Dajin da aka killace aka hana mutanen gefensa amfani da shi, sannan hukuma ba ta zauna a ciki ba, wani ne zai zauna.

Masu nazarin yawon buɗe ido suna yin tambayoyi uku da ya kamata mu riƙe. Ta farko, kuɗin baƙo a aljihun wa yake kwana? A wurare da yawa kamfanonin jirage da manyan otal ne ke kwashe kaso mai tsoka, 'yan gari su tashi da ɗan abin da aka ba ɗan rakiya. Ta biyu, wa aka tayar don a yi wa baƙo wuri? An fitar da makiyayan Masai daga Serengeti ta Tanzaniya a 1959, kuma rikicin filayen kiwo da wuraren shaƙatawa bai ƙare ba a can har yau. Duk wanda ya san yadda cinye burtali da makiyaya ya hura wutar da ke cin mu, zai gane me ya sa tilas a zauna da manoma da Fulanin gefen Kogo kafin a kafa ko turke ɗaya. Ta uku, idan baƙo ya daina zuwa, me masu hidimarsa za su koma yi? Agadas ta ba da amsa. Turawa sun yi shekaru suna zuwa kallon duwatsun Azbin da sahara, har tawayen 2007 da sace-sacen baƙi suka kore su. Direbobin da suka san hamada sai da yawansu suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, a 2015 aka kafa dokar hana wannan ma, ba a soke ta ba sai a Nuwamba 2023. Gwaninta ba ta zama a banza, tana neman wanda zai saye ta.

Amma baƙon da ya fi mana muhimmanci ba ya zuwa da kyamara. Shi ne falken da ke zuwa daga Kudu sayen shanu da hatsi, da ɗan garin da ke aiki a Kaduna ko Legas ya zo Sallah da iyalinsa, da 'yan ɗaurin aure mota-mota, da almajiran da ke zuwa karatu da rani, da mahalarta maulidi da wa'azi. Su ne ke cika tasha, su sa tela ya kwana yana ɗinki, su bar kuɗi a hannun tsofaffi. A yau iyalai nawa ne suka mayar da ɗaurin aurensu Funtuwa ko Katsina ko Zariya don dangi sun ce ba za su iya bin hanya ba? Ma'aikata nawa ne suka shekara ba su kwana a gidan ubansu ba? A 2019 masarautar Katsina ta soke hawan Sallah saboda halin da talakawanta ke ciki. Bikin kamun kifi na Argungu ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Ana ganin irin waɗannan a jarida. Rashin zuwan ɗan gari gida kuwa babu mai rubuta shi, alhali da shi ne zumunci ke tsinkewa, kuma zumuncin nan shi ne inshorar talaka.

Hanyoyi biyar da jama'a suka bi

Masanin nan Albert Hirschman ya rubuta a 1970 cewa idan al'amari ya lalace, mutane kan yi ɗayan uku: su tashi su bar wurin, su ɗaga murya, ko su zauna su jure. Mun ga duka ukun, mun kuma ƙara biyu.

Tashi shi ne mafi yawa kuma mafi ƙarancin ƙara. Ƙauyuka sun watse zuwa cikin Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Funtuwa. Yawancin masu gudun ba su shiga sansani ba, gidajen 'yan uwa suka shiga, don haka ƙididdigar hukuma ba ta ganin su. Akwai kuma masu kwana a gari su koma gona da safe. Jurewa kuma aikin mata ne galibi: adashi, da ƙulle-ƙullen kayan miya, da rage tukunya daga sau uku zuwa sau ɗaya.

Ɗaga murya ya fito fili a Yuni 2020. A farkon watan aka kashe Hakimin 'Yantumaki a gidansa. Ranar 9 ga wata matasan garin suka tare babbar hanya suka ƙona allon hoton Shugaba Buhari, a jiharsa ta haihuwa. A wannan rana aka kai hari Kadisau ta Faskari aka kashe mutane da dama. Mako guda bayan haka Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa ta yi zanga-zanga a birnin Katsina, aka kama ɗaya daga cikin jagororinta. Da aka sace ɗaliban Ƙanƙara, iyaye suka yi dafifi a bakin makaranta, kiran a dawo da yaran ya zagaya duniya ta intanet, cikin mako guda aka sako su. Garuruwan da ke bakin titin Funtuwa zuwa Gusau sun sha tare hanya bayan hari. Me ya sa titi? Domin mutumin ƙauye ba shi da jarida, ba shi da lauya, amma ya san idan tireloli suka yi layi labari zai kai gidan gwamnati kafin magariba. Raunin wannan hanya shi ne ba ta da ƙungiya. Ana tashi da fushi, a watse da alƙawari, babu mai bin sawun alƙawarin. Ku kwatanta da jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Ta daɗe ne saboda tana da rassa da katin shaida da kuɗin ƙungiya, kuma 'yan koli da teloli suna ɗauke da saƙonta daga kasuwa zuwa kasuwa. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta 2024 ta nuna irin wannan giɓi: a Katsina ta ƙare da dokar hana fita, ba a samu wanda zai zauna ya karɓi amsa a madadin jama'a ba.

Hanya ta huɗu ita ce makami. 'Yan sa-kai sun fito ne daga buƙata ta gaskiya, kuma akwai garuruwan da ba don su ba da babu su yau. Sai dai Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a laccarsa ta 2021 da ya gina a kan hira da 'yan bindigar Zamfara, ya nuna yadda kisan Fulani ba tare da shari'a ba, har a cikin kasuwanni, ya tura wasu cikin daji da niyyar ramuwa. Ranar da makiyayi ya ji tsoron shiga kasuwa, wurin da Bahaushe da Bafulatani ke haɗuwa kowane mako ya rufe. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha don a sa wannan aiki ƙarƙashin doka. Ya kamata a auna sakamakonta da idon bincike.

Ta biyar ita ce sulhu. A farkon 2017 a nan Ƙanƙara aka yi bikin karɓar makaman tubabbu. A 2019 aka sake zama da su a bakin daji. Duka biyun sun rushe. Auwalu Daudawa, da ya jagoranci satar ɗalibanmu, ya tuba a Fabrairu 2021, ya koma daji, aka kashe shi kafin watanni uku su cika. A 2025 al'ummomin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari, suka yi nasu zaman da kansu. Ku duba sharuɗɗan da ake gindayawa a irin wannan zama: a bar manomi ya je gona, a bar makiyayi ya shiga kasuwa da asibiti, a bar matafiyi ya wuce. Kowane ɓangare hanya yake nema. Ban zo in ce sulhu daidai ne ko kuskure ba. Abin da zan ce shi ne, sulhun da aka yi da mai riƙe da bindiga, babu diyya ga wanda aka kashe wa miji, babu alƙalin da zai hukunta wanda ya saɓa, numfashi ne ake samu, kuma ya kamata a yi amfani da numfashin kafin ya ƙare.

Aikin da ke gabanku

Ƙannena ɗalibai, Hill da Watts da Clough sun zo daga nesa suka yi aikinsu. Yau baƙo mai bincike ba zai kwana a Sabuwa ba. Ku kuwa da kuke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya a Dutsinma da Ahmadu Bello, nan ne gidanku. Ina ba ku shawarar ayyuka huɗu da ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, ku zaɓi kasuwa guda ku riƙa rubuta farashin tiyar masara da dawa da kuɗin mota kowace ranar kasuwa, da yawan motocin da suka yi lodi, har shekara ta zagayo. Na biyu, ku zauna da shugabannin direbobi ku zana taswirar hanyoyi: wacce ake bi, zuwa ƙarfe nawa, wacce aka daina bi kuma tun yaushe. Na uku, ku tambayi limamai da masu unguwanni yawan ɗaurin auren da aka kai wani gari, da yawan baƙin da kowane gida ya sauke. Na huɗu, ku tattara alƙawuran da aka yi bayan kowace zanga-zanga da kowane sulhu, ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku ga wanne aka cika.

Ku yi wannan da ladabi da taka-tsantsan. A wurin da zargin infoma ke iya kashe mutum, kada ku rubuta sunan wanda ya yi muku magana, kada ku ɗauki hotonsa, kada ku shiga gari sai da sanin mai gari. Ku ji ta bakin mata, ku ji ta bakin Fulanin da su ma aka sace wa shanu, domin binciken da ya ji ɓangare ɗaya rabin gaskiya ya kawo. In kun gama, ku rubuta taƙaitawa da Hausa ku kawo wa waɗanda suka ba ku labarin, ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa. Jama'ar da ke da lissafi a hannu ba sai ta ƙona taya ba kafin a saurare ta, kuma idan aka ce mata an samu zaman lafiya, tana da abin da za ta auna maganar da shi.

Iyayenmu sarakuna, roƙona gare ku shi ne ku buɗe wa yaran nan ƙofa idan sun zo da tambayoyinsu. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba mu damina mai albarka da ikon girbe ta.